Hermann von Helmholtz: Likitan sojan da ya fara hango jijiyoyin jini a cikin idon mutum mai rai

A ƙarshen shekarar 1850, a birnin Königsberg na masarautar Prusiya, wani malamin jami'a mai shekara 29 ya zauna shirya darasin da zai koyar da ɗalibansa masu karatun likita. Batun darasin shi ne abin da ke sa ido ya yi ƙyalli idan haske ya doke shi a cikin duhu. Kafin ya kammala shirin, ya harhaɗa wani ɗan abu da kwali da 'yan ɓallin gilashi, wanda ya nuna masa abin da likitocin duniya ba su taɓa sa wa ido ba: jijiyoyin jini a shimfiɗe can ƙuryar idon mutum mai rai, ba tare da an yanka shi ko an huda shi ba.

Sunan malamin Hermann Helmholtz. Masana kimiyya sun fi tunawa da shi saboda aikinsa a kan makamashi da sauti da lantarki. Amma duk majinyacin da aka taɓa zaunar da shi a ɗakin likitan ido aka haska masa 'yar fitila, ko aka ce ya ɗora haɓarsa a gaban na'urar da ke ɗaukar hoton bayan ido, ya ci gajiyar wancan darasi na 1850. Abin da ya sa ya cimma abin da ya gagari wasu shi ne ya haɗa ilimi biyu da ba kasafai ake samun su a kan mutum ɗaya ba a zamaninsa, wato likitanci da lissafin tafiyar haske. Kuma rashin kuɗi ne ya haɗa masa su.

Yarinta a Potsdam

An haifi Hermann Ludwig Ferdinand Helmholtz ranar 31 ga Agustan 1821 a garin Potsdam, kusa da Berlin. Shi ne ɗan fari a gidansu. Mahaifinsa, Ferdinand Helmholtz, malami ne a makarantar sakandaren garin, mai sha'awar harsuna da falsafa, kuma albashinsa bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa, Caroline Penne, 'yar wani hafsan soja ce.

Hermann ya taso da yawan laulayi, har ya shafe wani ɓangare na ƙuruciyarsa a ɗaki. Haddar abubuwan da ba su da alaƙa da juna, kamar jerin kalmomi da shekarun tarihi, tana ba shi wahala. Amma inda akwai ƙa'ida da dalili, nan take yake kamawa. Da 'yan katakon wasan yara ya fara fahimtar siffofi da kusurwoyi tun kafin a koya masa su a aji. Da ya ƙara wayo sai ya riƙa tattara tsofaffin gilasan tabarau yana ƙera ƙananan na'urorin hangen nesa. Bayan ya tsufa ya ba da labarin yadda yake ɓoye takarda a ƙarƙashin tebur lokacin darasin Latin, yana lissafa hanyar da haske ke bi ta cikin gilashi.

Burinsa shi ne ya karanci kimiyyar fiziks. Sai dai a wancan lokaci ba a ɗauki wannan fanni a matsayin sana'ar da za ta riƙe gida ba, kuma mahaifinsa ba shi da halin biya masa kuɗin jami'a. Hanya ɗaya ce ta rage. Gwamnatin Prusiya tana da makarantar horar da likitocin soja a Berlin, inda ɗalibi ke karatu a kyauta, bisa sharaɗin zai yi wa rundunar soja aiki na shekara takwas bayan ya gama. A shekarar 1838, yana ɗan shekara 17, ya shiga wannan makaranta.

Likita a barikin soja

A Berlin ya faɗa hannun Johannes Müller, babban masanin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki a wancan zamani. A nan kuma ya yi abokai da suka zame masa na har abada, musamman Emil du Bois-Reymond da Ernst Brücke. Waɗannan matasa sun yi tarayya a kan ra'ayi ɗaya: cewa motsin tsoka da zafin jiki da gani da ji duk abubuwa ne da za a iya aunawa da lissafawa, kamar yadda ake auna zafin ruwa ko nauyin dutse.

A shekarar 1841 zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi a asibitin Charité, inda aka yi jinyarsa kyauta a matsayinsa na ɗalibin soja. Ɗan kuɗin guzurin da ya taru masa lokacin jinyar da shi ya sayi madubin duba ƙananan halittu. Da wannan madubi ya gudanar da binciken da ya ba shi digirin likita a 1842, inda ya nuna cewa zaren jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki suna fitowa ne daga ƙwayoyin halitta na jijiya.

A 1843 aka tura shi Potsdam a matsayin likitan rundunar sojan doki. Tun da asuba ake tashin bariki, amma lokacin zaman lafiya ne, aikin bai da yawa. Sai ya mayar da wani ɗaki wurin gwaje-gwaje, ya duƙufa yana auna abin da ke faruwa a tsokar kwaɗo idan ta motsa, da zafin da take fitarwa. Wannan ya kai shi ga maƙalar da ya karanta a gaban Ƙungiyar Masana Fiziks ta Berlin ranar 23 ga Yulin 1847, inda ya kafa hujja da lissafi cewa makamashi ba ya ɓacewa kuma ba ya samuwa daga babu, sai dai ya sauya kama daga motsi zuwa zafi, ko daga zafi zuwa lantarki. Robert Mayer a Jamus da James Joule a Ingila sun riga shi isa ga ɓangarorin wannan ƙa'ida, amma shi ne ya shimfiɗa ta da faɗin da ya game fannoni da yawa. Babbar mujallar fiziks ta ƙasar ta ƙi buga maƙalar, sai da ya fitar da ita a matsayin ƙaramin littafi.

Duk da haka sunansa ya fara fita. Da taimakon dattijon masani Alexander von Humboldt aka sallame shi daga soja a 1848, kafin wa'adinsa ya cika. A 1849 ya samu kujerar farfesa a Jami'ar Königsberg, birnin da a yau ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha. Abokinsa Brücke ne ya bar kujerar ya koma Viyana. A shekarar ce kuma ya auri Olga von Velten.

A Königsberg ya fara da wani aiki da malaminsa Müller ya ɗauka ba zai taɓa yiwuwa ba, wato auna saurin da saƙo ke tafiya a cikin jijiya. Da jijiyar ƙafar kwaɗo da na'urar auna lantarki, matarsa tana taya shi rubuta sakamako, ya gano cewa saƙon yana tafiyar kimanin mita 25 zuwa 40 a daƙiƙa guda. Bai gama hutawa daga wannan ba sai maganar ido ta taso.

Duhun da ke bayan ƙwayar ido

Tun ƙarni na 11 Hasan Ibn al-Haisam, masanin Basra da ya rayu a Alƙahira, ya kafa hujja cewa gani yana samuwa ne idan haske ya shiga ido daga waje. A 1604 Johannes Kepler ya bayyana cewa hoton abin da ake kallo yana sauka ne a kan wani siririn tantani da ke lulluɓe da bangon baya na ido, wanda likitoci ke kira ratina. Wannan tantanin gani, wanda a mafi yawan sassansa kaurinsa bai kai rabin milimita ba, shi ne ke mayar da haske saƙo, jijiyar gani kuma ta kai saƙon ƙwaƙwalwa. Ƙananan jijiyoyin jini ne ke ciyar da shi, kuma da zarar sun toshe ko sun tsiyaye, gani ya shiga haɗari.

Likitoci sun san duk wannan daga idanun gawa da na dabbobi. Amma a jikin mai rai, iyakacin abin da suke iya gani shi ne gaban ido. Idan yana ce ta rufe shi, suna ganin farin da ya bayyana. Idan kuwa mutum ya makance alhali idonsa garau yake a waje, sai a tara cutar tasa a ƙarƙashin suna ɗaya da ke nufin duhun gani, a bi shi da zubar da jini ko maganin wankin ciki, galibi ba tare da wani amfani ba. Cututtuka masu yawa da ba su da alaƙa da juna duk suna cikin wannan buhu ɗaya, domin babu mai iya bambance su.

Ƙofar shiga ita ce ɗigon baƙin nan da ke tsakiyar ƙwayar ido, amma duk wanda ya leƙa ta, baƙi kawai yake gani. A gefe guda kuma kowa ya san idon kyanwa yana walƙiya da dare, har mutanen da suka gabata suka ɗauka cewa idon ne ke fitar da wuta. A 1846 William Cumming a Landan, sannan Brücke a 1847, suka nuna cewa idon mutum ma yana yin ja idan mai kallo ya tsaya kusa da layin da hasken fitila ke bi. Wannan shi ne jan idon da ke fitowa a hotunan da aka ɗauka da walƙiyar kyamara. Sun ga jan haske, amma ba su ga komai dalla-dalla ba.

Kwana takwas da kwali da gilashi

Gwajin Brücke ne Helmholtz yake son ya bayyana wa ɗalibansa. Yana cikin shirin sai ya yi tambayar da abokinsa bai yi ba: hasken da ya shiga ido ya dawo, ina yake nufa, kuma wane hoto yake ɗauke da shi? Lissafin da ya saba yi tun yana yaro ya ba shi amsa. Hasken yana komawa ne ta hanyar da ya shigo, har zuwa fitilar da ta aiko shi. Wanda ke son ya tare shi dole ya sa idonsa a kan wannan layi, amma da ya yi haka sai kansa ya kare fitilar, ya jefa idon majinyaci a inuwa. Wannan ne ya sa ɗigon tsakiyar ido yake baƙi a wurin kowa.

Dabararsa mai sauƙi ce. Gilashi garai-garai yana barin wani kaso na haske ya wuce, yana kuma mayar da wani kaso kamar madubi. Sai ya ajiye fitila a gefen majinyaci, ya karkata 'yan siraran gilasai da ya jera a kan juna a gaban idon. Gilasan suna karkatar da hasken fitila zuwa cikin ido, hasken da ya dawo kuma wani ɓangarensa yana ratsa su ya isa idon likita da ke bayansu. Ya ƙara wani gilashin tabarau domin hoton ya fito sarai.

Samfurin farko ya yi wuyar sarrafawa ƙwarai. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ba don lissafi ya tabbatar masa abin zai yi aiki ba, da wataƙila ya haƙura. Bayan kimanin kwana takwas yana fama, sai bayan ido ya bayyana a gabansa: jan fili, da farin da'irar da jijiyar gani ke fita ta cikinta, da jijiyoyin jini suna rarrabuwa daga nan kamar rassan bishiya. A watan Disambar 1850 aka gabatar da labarin ga Ƙungiyar Masana Fiziks ta Berlin, a 1851 kuma ya buga ɗan littafi da ya bayyana na'urar. Sunan da ya ba ta da Jamusanci yana nufin madubin ido.

Daga baya an samu labarin cewa masanin lissafi Charles Babbage ya ƙera makamancin wannan abu a Ingila a 1847, ya nuna wa wani likitan ido, likitan bai iya ganin komai da shi ba, aka ajiye maganar. Babbage ya san lissafi amma ba likita ba ne, likitan kuma bai gane abin da ya rage a gyara ba. Helmholtz bai san da wannan yunƙuri ba, kuma shi bai buƙaci ya miƙa wa wani na'urarsa domin a gaya masa amfaninta ba, tun da karatun da aka tilasta masa ya riga ya koya masa.

Ba kowa ya yi marhabin da ita ba. Wani babban likitan fiɗa ya shaida masa cewa ba zai taɓa amfani da ita ba, domin a ganinsa haɗari ne a jefa haske mai ƙarfi cikin idon da ke ciwo. Wani kuma ya ce sai dai ta amfani likitocin da ganinsu ya raunana. Amma gani ya kori ji. A 1852 wani maƙerin na'urori na jami'ar, Egbert Rekoss, ya ƙara mata faifai mai juyawa ɗauke da gilasai daban-daban. A shekarar ce kuma Theodor Ruete ya fito da wata hanya mai amfani da madubi mai rami a tsakiya, wadda ke nuna fili mafi faɗi na bayan ido.

Abin da likitoci suka gani

Wanda ya fi kowa cin moriyar madubin shi ne wani matashin likita a Berlin, Albrecht von Graefe. Cikin shekara goma ya bayyana yadda kan jijiyar gani ke lotsawa a cutar hawan jinin ido, ya gano a 1859 cewa toshewar babbar jijiyar da ke kai wa tantanin gani jini ce ke jawo wata irin makanta ta farat ɗaya, ya kuma lura cewa kumburin kan jijiyar gani yana iya zama alamar ƙari a ƙwaƙwalwa. Tarin fuka ya kashe shi a 1870 yana da shekara 42, amma ya bar fannin kula da ido a matsayin ilimi mai cin gashin kansa.

A Viyana, a tsakiyar shekarun 1850, Eduard Jaeger ya zana ɗigogin da ya gani a bayan idon wani mai ciwon sukari. Richard Liebreich ya bayyana sauye-sauyen da ciwon ƙoda ke haifarwa a wurin, kuma a 1863 ya fitar da kundin zane-zane masu launi na bayan ido. Kafin ƙarshen ƙarnin, Marcus Gunn a Landan ya bayyana yadda jijiyoyin ke ƙanƙancewa da taurara, alamun da a yau ake dubawa a idon masu hawan jini. Ta haka aka fahimci cewa madubin bai tsaya ga ciwon ido kaɗai ba. Tantanin gani tun a cikin mahaifa daga ƙwaƙwalwa yake tsirowa, don haka shi ne ɓangarenta ɗaya tilo da ake iya kallo kai tsaye tare da jijiyoyin jininsa, kuma abin da ke cin jijiyoyin jiki gaba ɗaya yakan bar sawu a nan.

Helmholtz bai zama likitan ido ba. Ya ci gaba da binciken yadda ake gani: ya ƙera na'urar auna lanƙwasar gaban ido, ya bayyana yadda ido ke sauya siffar gilashinsa na ciki domin ganin kusa da nesa, ya kuma farfaɗo da ra'ayin Thomas Young cewa nau'i uku ne na masu karɓar haske ke ba mutum damar bambance launuka. Ya tattara wannan duka a wani babban littafi da ya fito kashi-kashi tsakanin 1856 da 1867. Sai dai ya amince cewa madubin ido ne ya buɗe masa ƙofofi, domin daga lokacin hukumomi suka riƙa sakar masa mara ya binciki abin da ransa ke so.

Rashi da ɗaukaka

Sanyin Königsberg bai karɓi Olga ba, wadda ke fama da ciwon ƙirji. Saboda ita ya koma Bonn a 1855, daga nan ya wuce Heidelberg a 1858, inda ya yi zamani da Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff. Shekarar 1859 ta zo masa da nauyi, domin a cikinta ya rasa mahaifinsa, a ƙarshenta kuma Olga ta rasu ta bar masa yara biyu ƙanana. A 1861 ya auri Anna von Mohl, suka haifi 'ya'ya uku. Gwanin kaɗa fiyano ne tun yana saurayi, kuma a 1863 ya fitar da littafinsa a kan yadda kunne ke rarrabe sauti.

Sai a 1871 burin yarintarsa ya cika, lokacin da aka ba shi kujerar farfesan fiziks a Jami'ar Berlin. Ba a yabe shi da iya koyarwa a aji ba. Max Planck, wanda ya saurari darussansa, ya tuna cewa yakan shigo ba tare da cikakken shiri ba, yana kuskure a allo, har ɗalibai suka riƙa janyewa. Amma a ɗakin gwaji yana da idon gane mai hazaƙa. Ɗalibinsa Heinrich Hertz ne ya tabbatar da samuwar igiyoyin lantarki da rediyo ke tafiya a kansu.

A 1880 wani matashin hafsan sojan ruwan Amurka, Albert Michelson, ya zo ɗakin gwajin nasa. A nan ya tsara wata na'ura da ke raba haske gida biyu, ta aika kowane kaso ta hanyarsa, sannan ta sake haɗa su, ta yadda bambancin tafiyar da suka yi, komai ƙanƙantarsa, zai bayyana. Girgizar kekunan doki a titunan Berlin ta hana na'urar aiki, sai aka kai ta Potsdam, mahaifar Helmholtz, a 1881. Abin da Michelson ke nema a lokacin ya shafi tafiyar haske ne a sararin samaniya, babu ruwansa da ido, amma bayan shekara 110 na'urarsa ta dawo ga idon.

A 1883 Sarkin Jamus ya shigar da Helmholtz sahun masu sarauta, abin da ya ƙara kalmar von a sunansa. A 1886 likitocin ido suka taru a Heidelberg suka ba shi lambar girma ta farko da aka yi da sunan Graefe. A 1888 ya zama shugaban farko na cibiyar binciken fiziks da fasaha ta ƙasa da aka kafa a Charlottenburg da tallafin amininsa Werner von Siemens, wanda ɗansa ya auri 'yar Helmholtz, Ellen. Ɗaukakar ba ta kare shi daga rashi ba: 'yarsa ta fari ta rasu a 1877, ɗansa Robert, wanda ya bi sahunsa a fiziks, ya rasu a 1889.

A 1893 ya wakilci Jamus a taron masana lantarki a Chicago. A hanyar dawowa ya faɗo daga matakalar jirgin ruwa ya ji mummunan rauni a kai. A ranar farko ta 1894 Hertz ya rasu yana da shekara 36. A watan Yuli jini ya zuba a ƙwaƙwalwar Helmholtz, ya kwanta jinya, ya rasu ranar 8 ga Satumbar 1894 yana da shekara 73. Mutum-mutuminsa yana tsaye a ƙofar Jami'ar Humboldt da ke Berlin, kuma babbar ƙungiyar cibiyoyin binciken kimiyya ta Jamus tana ɗauke da sunansa.

Daga fitila zuwa hoton gudanar jini

Madubin ido yana nuna manyan jijiyoyi, amma ƙananan da suka fi gashi siranta, waɗanda cuta ke fara ci, sun fi ƙarfinsa. A 1961 Harold Novotny da David Alvis, waɗanda suka yi aikin suna ɗaliban likita a jihar Indiana ta Amurka, suka wallafa hanyar da ake zuba wani rini mai ƙyalli a jijiyar hannu, a riƙa ɗaukar hoton bayan ido yayin da rinin ke ratsawa. Hanyar ta yi amfani matuƙa kuma har gobe ana bin ta, sai dai tana buƙatar allura, tana ɗaukar lokaci, takan sa tashin zuciya, jefi-jefi kuma jikin wani yakan ƙi rinin har abin ya yi tsanani.

A 1991 wasu masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka, ciki har da David Huang da Eric Swanson da James Fujimoto, suka bayyana fasahar da ake kira OCT. Tushenta irin na'urar Michelson ce. Ana aika wani kaso na haske marar cutarwa cikin ido, a bar ɗayan kason a cikin na'ura, a haɗa su bayan na farkon ya dawo, daga nan kwamfuta ta lissafa zurfin da kowane ɗigon haske ya fito. Sakamakon shi ne hoton tantanin gani hawa-hawa, tamkar an yanka shi an duba ta gefe, alhali ko taɓa idon ba a yi ba.

Daga nan aka ƙara mataki ɗaya. Idan aka ɗauki hoton wuri ɗaya sau da yawa cikin ƙiftawar ido, naman da ke tsaye ba ya sauyawa, amma inda jajayen ƙwayoyin jini ke gudu hoton yana sauyawa. Kwamfuta tana tsince waɗannan wurare ta zana taswirar jijiyoyin, har da mafi ƙanƙanta, ba allura ba rini. Wannan fasaha, OCTA, ta fara shiga asibitoci a tsakiyar shekarun 2010. Tana nuna wuraren da jini ya daina isa a idon mai ciwon sukari, da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari da ke tsirowa a idon tsofaffi, kuma da yake ana gama ta cikin daƙiƙoƙi, ana iya maimaita ta a kowace ziyara domin a ga ko magani yana aiki. Tana da iyaka: ba ta nuna inda jijiya ke yoyo kamar yadda rini ke yi, motsin ido yana ɓata hoton, kuma na'urar tana da tsada.

Saboda tsadar, a yawancin asibitocin Afirka jikan madubin Helmholtz ne har yanzu ke hannun likita, ɗan ƙaramin abu mai batir da ke ƙara girman bayan ido kimanin sau 15. Da irinsa likitoci a Malawi suka gano cewa zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro yana barin alamu na musamman a jijiyoyin bayan ido, abin da ke taimakawa wajen bambance shi da sauran cututtukan da ke sa suma. A Najeriya, binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa hawan jinin ido ne na biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Ƙasar ce kuma ta fi kowace yawan masu cutar sikila, wadda ita ma ke toshe ƙananan jijiyoyin tantanin gani.

Abin da ya haɗa waɗannan cututtuka da ciwon sukari da hawan jini shi ne sukan daɗe suna ɓarna a bayan ido ba tare da zafi ko dishi-dishi ba, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanya sau da yawa ba ya dawowa. Wannan ne dalilin da likitoci ke shawartar mai ciwon sukari ya kai idonsa a duba aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana gani garau. Kafin Disambar 1850 babu likitan da zai iya ba da irin wannan shawara, domin ko majinyacin ya zo, babu abin da za a iya gani.